Koren Zaren Komawa Gida

Ku da kuke zuwa shagona a unguwar Darrasa ku zauna kan buhun ƙyalle kuna jiran in rubuta muku suna a gaban jabba, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ranar nan. Wai surfani ba wani abu ba ne, a sayo inji mai kwamfuta, a sa masa hoto, a danna, a je a sha shayi a dawo. To madalla, ku saya. Amma kafin ku kwashi ɗan tallafin karatunku ku kai wa Bamisire ya sayar muku da abin da ba ku san gabansa da bayansa ba, ku zauna in ba ku labarin aikin da na ci abinci da shi shekara ashirin da ɗoriya, da yadda ya mutu a hannuna ina kallo.

Sunana Isuhu, mutumin Zariya. Karatu ne ya kawo ni Alƙahira kamar ku. Nahawu ya kayar da ni sau uku, ban tsaya jiran na huɗu ba. Ina da shekara talatin, da gemuna da komai, na je na durƙusa gaban Usta Bashari, wani Bahaushen Sudan da ke da wannan shagon (Usta shi ne sunan da ake kiran maigidan sana'a a nan), na ce ya koya mini keken surfani.

Aikin farko da ya ba ni da'ira ce. Ya shimfiɗa tsumma, ya cire zare daga allura, ya ce in yi ta zagayawa. Keken surfani ba kamar keken ɗinkin da kuka sani ba ne. Ƙafa tana taka shi, hannun hagu yana riƙe da yadi, hannun dama kuwa yana can ƙarƙashin tebur a kan wani ɗan mariƙi da ke juya allura, ba ka ganinsa, shi ma ba ya ganin abin da yake yi. Wata uku ina huda tsumma babu zare. Kullum da la'asar Usta zai ɗaga tsumman ya duba shi ta hasken ƙofa, ya ce, "Wannan ƙwai ne, ya Isuhu. Da'ira na ce, ban ce ka yi mini kaza ba." Ranar da ya ajiye tsumman bai kira shi ƙwai ba, ita ce ranar da na san na ci.

Sai a lokacin ya nuna mini ainihin abin da shagon ke ci da shi. Ba jabba ba ce, ba hula ba ce. Jaket ce ta baƙin yadin satin mai sheƙi, wadda sojojin ruwan Amurka ke yin oda idan jirginsu zai ratsa mashigin Suwais. Al'adarsu ce. Duk wanda ya yi wata shida ko bakwai a teku yana so ya koma gida da riga mai taswira a baya, da hoton jirginsa, da layin duk inda ya bi, da tauraro a kan kowace tashar da ya sauka, don 'yan garinsu su san ba barci ya je yi ba. Usta yana da takardar zane guda ɗaya, mai kauri, duk an bi layinta da huji. A ɗora ta kan yadi, a daddaɓa mata garin alli da aka ƙulle a tsumma, a ɗaga, sai ga duniya ta fito fari-fari. Gaɓar Amurka ta gabas a gefen hagu, Indiya a gefen dama, Masar kuwa daram a tsakiyar baya, a kan ƙashin gadon mutum.

Ga yadda cinikin yake. Jirgi zai taso daga Amurka, ya ratsa Tekun Atlantika, ya shiga Bahar Rum, ya bi Suwais ya sauka Bahar Maliya, ya wuce Tekun Fasha inda aikinsa yake. A hanyar shiga suke ba da oda. Wani ɗan rakiyar masu yawon buɗe ido, Magdi, shi ke kawo mana jerin sunaye da awon kowa. A hanyar fita, bayan wata shida, sukan tsaya a wata tasha, a kwaso su a bas a kawo su su ga dalar Fir'auna, su biyo ta nan su karɓi kayansu. Yini ɗaya suke yi, wani lokaci rabi. Saboda haka dole riga ta gama kafin su iso, har da hanyar da ba su riga sun bi ba. Jan zare na tafiya, koren zare na komawa gida, yana kwance gefen jan, ta Suwais, ta Bahar Rum, har gaɓar da suka taso. Usta ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ƙofa ɗaya ce da wannan ɗakin, wanda ya shiga ta nan ta nan zai fito. Shekara ashirin ban taɓa ganin maganar ta faɗi ƙasa ba.

Jirgin farko da na ɗinka da hannuna ƙarami ne, mai bindiga ɗaya a goshi. Na yi shi sumul, na kai wa Usta ina jin kaina. Ya ce in warware. Wai na sa masa sanda a inda ba ta, kuma sojan ruwa zai yafe maka in ka karkata masa Afirka, amma ba zai yafe maka ka ƙara wa jirginsa abin da ba shi da shi ba. Daga nan na koyi jirage kamar yadda Bafillace ya san shanunsa. Mai ɗaukar jiragen sama, shimfiɗaɗɗe kamar faranti da ɗan bene a gefe, shi ya fi sauƙi, kuma shi ya fi kawo aiki, don mutanen cikinsa sun kai gari guda. Masu rakiyarsa su ne masu wahala, duk tsinke-tsinken eriya a ka. Har ta kai ba na buƙatar rediyo. In na ga Magdi ya shigo da takardu cike da hannu yana murmushi, na san wani wuri a gabas ya kusa kamawa da wuta. Wasu ɗalibai, yayyenku, sun sha tsayawa a ƙofar nan su yi mini wa'azi a kan wanda nake yi wa ɗinki. Ban ce ƙarya suke yi ba. Amma ban ga wanda ya biyo wa'azin da kwanon shinkafa ba.

Cikin duk waɗanda na yi wa aiki, Cif Lorita ce ba zan manta ba. Baƙar mace ce, kakkaura, mai kula da injin jirgi, hannunta ya fi nawa kanta. Sau uku tana zuwa shagon nan a jirage daban-daban. Ba ta duba gaban aiki. Juya riga take yi, ta kai hannu ta shafa bayan ɗinkin ta cikin shafi, in ta ji ƙulli ta miƙo maka. Ita kaɗai ce ta taɓa leƙa ƙarƙashin tebur don ta ga abin da hannun damana ke yi, ta miƙe ta ce ai ni ma matuƙi ne. A zuwanta na uku ita ce ke tattara odar duk mutanen sashenta, in ta ce shagon Isuhu, to shagon Isuhu ne.

Sai shekarar juyin juya hali ta zo. Gari ya rikice, aka hana sojojin sauka, bas ɗin Magdi ta kwanta. Duk da haka jiragen ba su daina ratsa Suwais ba, sai muka koma aika kaya a kwali ta hannun wakilin jirgi a bakin mashigi. Aiki ya ragu, amma bai mutu ba. A lokacin Usta ya tsufa, ido ya tafi, ya bar mini keke da takardar zane ya koma wajen 'yarsa a unguwar Arba wa Nus. Na zama ni ne Usta, kuma da sarautar na gaji taurin kai.

Shekarar da ta biyo baya aka fara wata magana a rediyo, wai Amurka za ta juya fuska, za ta kwashe yawancin jiragenta ta mayar can Tekun Pasifik saboda Sin ta yi ƙarfi. Magdi ya zo ya zauna inda kuke zaune ɗin nan, ya ce, "Ya Usta, ka ji abin da ake faɗa? Mutanenka za su yi ƙaura."

Na ce, "Tun kana tallan katin hoto a gindin dalar Fir'auna ake cewa za su tafi. Man fetur yana nan, rigima tana nan. Ina za su?"

"Wannan karon da gaske ne. Ɗan'uwana da ke Suwais ya ce lissafin jiragen ya canza."

"Ɗan'uwanka ya lissafa haƙoransa. Khalas, magana ta ƙare, kawo takarda in akwai."

Ni a ganina manyan ƙasashe kamar attajirin unguwa suke, kullum yana cewa zai tashi ya koma sabon gida, kullum yana nan a kan dakalinsa. Ban san cewa irinsu in za su tashi ba sa sallama ba.

Odar ƙarshe ta Cif Lorita jaket arba'in da biyu ce. A shekarar da aka sake hargitsewa a garin nan ta zo, kuma ita kaɗai ce odar da na samu a shekarar gaba ɗaya. Duk abin da nake da shi na zuba a satin da zaren siliki. Mai gidan da shagon ke ciki ya riga ya fara zagaye ni, ɗansa yana son wurin ya sayar da wayoyi, na kuma san in wannan aikin bai fita ba, makulli zan miƙa masa in sayar da keken Usta ga masu awon ƙarfe. Don haka na zauna na yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Kowace riga na yi mata jirgi da tsinkensa daidai, na yi jan layi, na yi taurari. Magdi ya ce in dakata da koren har a ji daga bakinsu. Na ce masa shi da bai san ramin allura ba kada ya koya mini sana'ata. Na bi duk arba'in da biyun da koren zare, ta Suwais, har gida. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya haɗa su, ya sa shafi da zik da aljihu, muka ninke muka jera a kwali wata guda kafin lokaci.

Ranar wata Laraba da hantsi Magdi ya shigo bai yi sallama da ƙarfi yadda ya saba ba. Ya buɗe wayarsa ya karanta mini saƙon Cif, yana juya mini shi da Larabci. An canza wa jirginsu gida. Ba za su dawo ta Suwais ba. Daga Tekun Fasha gabas za su yi, su wuce Indiya, su bi ta Singafo da Filifin da Japan, su ratsa Pasifik su sauka a gaɓar Amurka ta yamma, can ne sabon mazauninsu. Ta ce in zan iya gyara taswirar ta nuna gaskiyar inda suka bi, in aiko ta jirgin kaya, za su karɓa. In ba zai yiwu ba, in yi haƙuri, mutanenta ba za su sa rigar da ke cewa sun bi hanyar da ba su bi ba.

Magdi ya ce, "Ma'alish, sai haƙuri, ya Usta." Bai ce ai na faɗa maka ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Na fito da riga ɗaya na shimfiɗa. Ku da kuke cewa a danna, ku gaya mini me za a danna a nan. Bayan Indiya babu ko faɗin yatsa biyu, sai ɗinkin gefe. Tekun da ake magana a kai ya fi duk abin da ke bayan rigar girma, ni kuwa a duniyar da na gada babu shi sam. Shekara ashirin ina zana duniya kullum, ban taɓa lura rabinta kawai nake zanawa ba. Na ji kunya ƙwarai, irin kunyar da babba ke ji in yaro ya hango abin da shi bai hango ba.

Kwana uku ina juya rigar. Na yi tunanin in rage taswirar, amma wannan sabon baya ke nan sau arba'in da biyu, ba ni da yadin. Na yi tunanin in yi kibiya a bakin Indiya in rubuta sunayen garuruwan a ƙasa, na san Cif za ta ce wannan aikin malalaci ne. A rana ta huɗu na sa riga ɗaya a leda na hau motar Arba wa Nus.

Na tarar da Usta a ƙofar gida yana shan hantsi, lokacin sanyi ne. Na gaishe shi, na zayyana masa komai. Ya karɓi rigar, ya bi jan layin da yatsa, ya bi koren, ya tsaya a bakin Indiya.

"Wa ya ce ka sa kore kafin su juyo?"

"Kai ka koya mini, Usta."

"Na koya maka a zamanin da suke juyowa. In kiɗa ya canza sai ka ci gaba da rawar jiya don ni na koya maka?" Ya yi tsaki. "Sa mini ita, sanyi nake ji."

Na sa masa, na ja zik. Ta yi masa yawa, tsoho ya ƙanƙance. Ya ce in ɗora yatsa a inda jirgin ya tsaya. Na ɗora a bayansa, gefen dama. Ya ce in tafi gabas. Na ce babu wuri, an zo ɗinki.

"Takarda ce ta ƙare, ya Isuhu, ba duniya ba. Mutum baya kaɗai gare shi?" Ya ɗaga hannunsa na dama. "Yalla, wuce."

Yatsana ya bi ta ƙarƙashin hammatarsa, ya fito kan haƙarƙari, ya hau ƙirji. Baƙin satin fili guda, babu komai a kai, daga wannan gefe har wancan. Na ratsa zik, na bi ta ƙarƙashin hannun hagu, sai ga ni na ɓullo a bayan Amurka, ta yamma, daidai inda Cif ta ce za su sauka. Usta ya ce in cire masa rigar kafirai kafin maƙwabta su gani, in kuma bar masa kuɗin shayi.

Warware koren shi ne aikin farko. Ɗinkin sarƙa yana da kirki ɗaya, in ka samo bakin ƙarshe ka ja, sai ya biyo ka tsaf. Amma satin ba ya mantuwa, duk inda allura ta shiga sai ta bar huji. Na bi hujin nan ɗaya bayan ɗaya da baƙin siliki siriri, yadda ido ba zai gani ba sai dai yatsa. Sannan na farke shafin kowace riga, na cire aljihu don kada allura ta haɗa da shi, na yanka sabuwar takarda na huda mata tsibirai daga wata taswirar 'yan makaranta da na saya a shagon littattafai na nan kusa. Wahalar duka a kan zik take. Layin da ya zo daga dama dole ya sadu da na hagu idan an ja zik, ba sama ba ƙasa, kuma rigunan awonsu ba ɗaya ba ne, ta ƙato daban, ta siriri daban. Kowace sai na sa wa telan maƙwabcina ita, ya tsaya kamar gunki yana zagina, in yi alama da alli, in cire in ɗinka. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sati bakwai na yi, har yau kafaɗar nan ba ta yafe mini ba.

Suka tafi a jirgin kaya. Bayan wata biyu saƙo ya zo, sun karɓa, duka arba'in da biyun. Cif ta ce a tashar tasu mutane tsayar da su suke yi su ce su juya a gani, ba a taɓa ganin riga mai zagaye duniya ba. Ta ce ta shafa ta ji tsohuwar hanyar a ƙarƙashin baƙin zare, kuma ta ji daɗi da na bar ta a nan. Ban miƙa makulli ba, keke bai je awo ba. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, har na yanka wa Usta kaza. Na ɗauka ƙofa ce ta buɗe, na ce yanzu duk wanda aka mayar can zai aiko mini.

Ba wanda ya aiko. Jirage suna ratsa Suwais har gobe, ban ce sun ƙare ba, amma ba sa tsayawa, ba sa sauka, kuma waɗanda suka san sunana duk suna wancan ɓangaren. Shekara ta zagayo ban ɗinka jirgi ko ɗaya ba. Shi ya sa kuka same ni ina rubuta Abubakar da Abdurrahman a gaban jabba, aikin da Usta ba zai bari a yi da kekensa ba ko da wasa.

Bara, wajen ƙarshen zafi, Magdi ya zo da waya a hannu, ya ce Cif ta aiko da hoto. An mayar da ita wani jirgin a Japan. Ta rubuta cewa ta kai rigata wajen wani tela a bakin tashar ya duba, yanzu kowa irinta yake so, in ga yadda aikina ya yi 'ya'ya. Da zuciya ɗaya ta rubuta, na sani. A hoton mutum goma sha wani abu ne a jere, wasu sun ba da gaba, wasu sun ba da baya. Layin nawa ne, yana zagaye jiki. Amma telan ya juya duniyar. Pasifik ne shimfiɗe a gadon baya, Japan a kafaɗar hagu, Amurka a ta dama, jirgi a tsakiya.

Na ce wa Magdi ya ƙara girman hoton. Na duba bayan, na duba ƙirjin, ina neman Masar. A jikin wani dogo na same ta, wanda ya ɗaga hannu yana gaisuwa, can ƙarƙashin hammatarsa, ba ta fi ƙwallon dabino ba, ɗinkin gefe ya cinye rabin Bahar Maliya. Sauran duk hannuwansu a sauke suke.

Magdi ya ce, "Me zan rubuta mata, ya Usta?"

Na sake karɓar wayar na duba wajen zik, mutum bayan mutum. Na so in samu ko guda ɗaya da ya goce, ban samu ba. Na ce ya rubuta mata layin ya haɗu daidai, mutumin ya iya aiki.